Ajin da Aka Gina da Alƙibla

Idan tsofaffin malamai irina suka haɗu, hira ba ta daɗewa sai ta gangaro kan gine-gine. Wannan ya ce shi ya yi karatu a sorayen nan na Katsina masu kaurin bango, waɗanda ko da rana tsaka ka shiga sai ka ji sanyi ya ratsa ka. Wancan ya ce a gabansa aka aza kwanon farko a makarantar garinsu. Nakan bar su su gama. Ni ma na zauna a sorayen Katsina, na kuma san darajarsu. Amma ginin da nake taƙama da shi ba ya cikin waɗanda ake kai baƙi su gani. Aji ɗaya ne tak, na ƙasa, a wani ƙauye da ke gefen Tamawa a ƙasar Kurfi, kuma duk baƙon da ya hango shi daga nesa sai ya fara waige-waigen inda zai yi alwala.

Shekaru kaɗan kafin mulkin kai aka tura ni ƙauyen in buɗe elementare. Ni ɗan Dutsin-Ma ne. A lokacin ina da ƙuruciya, ina da keke, ina kuma ganin daga nan har Katsina babu wanda ya kai ni sani. Abin da na tarar da sunan makaranta wata rumfar kara ce a gindin tsamiya, da allo jingine da kututture. Awaki sun fi ɗalibai zuwa a kan lokaci. Yaran ma sai da muka bi gida-gida da Mai gari kafin aka same su. Wani uban ya ce ɗansa ya tafi ganin dangi, alhali ga ƙafar yaron nan tana leƙowa daga bayan rumbu. Fulanin rugar da ke yamma da gari suka ce in mun ɗauke yara wa zai bi shanu, mu? Waɗanda na tara ba su cika aji ba, amma kowane ɗaya da gumina na same shi, shi ya sa nake ji da su.

Bayan an kai amfanin gona gida sai mai duba makarantu ya zo. Bakatsine ne dogo, mai sanyin magana, yana yawo a kan wani babur da ake jin ƙararsa tun kafin ya ƙetare rafi. Ya zauna a ƙarƙashin rumfar, ya yi ta sauraron karatun yara har kara ya zubo masa a hula.

"Malam," ya ce, "karatu shina tahiya, ban ga laihinka ba. Amma rumfa ba makaranta ba ce. Hukumar En'e ba za ta yi gini nan bana ba, akwai na gaba da ku. In damina ta sauka ba ku da ɗaki mai rufi, mai haske, za a mai da yaranga Kurfi, kai kuma a nema maka wani wuri."

Ni na san abin da wannan ke nufi. Tsakaninmu da Kurfi akwai rafin da in ya kawo ruwa ko babba sai ya jira. Yaro ba zai iya zuwa ya dawo kullum ba, sai dai a kai shi can a ajiye a hannun dangi ko na hakimi. Kuma yaron da Mai gari ya riga ya ba da sunansa ga hukuma ba a janye shi, duk inda makaranta ta koma can zai bi ta.

Akwai wata tsohuwa mai daddawa da nake karɓar tuwo a gidanta, kowa na ce mata Inna. Yayar Limamin garin ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goye shi. Ɗanta guda ne a duniya kuma ya rasu, matarsa ta yi aure a wani gari, sai jika namiji da aka bar mata. Yaron yana ajina. Daga ita sai shi a gidan. Tun da labarin ya kai kunnenta, ban ƙara miƙa kwano ba tare da ta tambaye ni ba.

"Malam, da gaske za a tahi da su?"

"In an yi ɗaki ba inda za su, Inna."

"To a yi mana."

Na je na sami Mai gari na zazzage masa komai. Mutum ne mai son a zauna lafiya, amma ba ya son a ce an ba garinsa abu an karɓe. Ya sa aka yi shela, aka kira gayya. Aikin ya faɗa hannun Sarkin magina, wani tsoho gajere mai faɗin ƙirji, wanda shi ya gina zauren Mai gari, ubansa kuma ya gina masallacin garin. Ba ya son dogon bayani, musamman daga yaron da bai taɓa cuɗa ƙasa ba.

Na ja shi filin da aka ware, na ɗauki kara na zana masa a ƙasa. Na ce, "Baba, ɗaki nake so babba. Yara su zauna layi-layi, kowa ya fuskanci gaba, ni kuma in tsaya a gabansu."

"Sahu-sahu ke nan?"

"Haka ne."

"Duk su dubi wuri guda?"

"Wuri guda."

"Kai kaɗai a gaba, kana hwaɗi suna amsawa?"

"Yauwa, Baba, ka gane."

"Na gane tun ɗazu," ya ce. "Ba yau muka soma ba."

Na nuna masa inda tagogi za su zauna, manya, kudu da arewa. Ya gyaɗa kai yana kallon wani wuri daban. Har gobe ina nan a kan bakata, bayanina ba shi da aibu.

Ban taɓa ganin gari ya tashi tsaye irin na wannan rani ba. Samari suka shiga kududdufi suna haƙo ƙasa, suna tattake ta da ciyawa har gwiwa. Dattawa suka zauna suna mulmula tubali, irin namu mai kan tsini, suna jerawa a rana har filin ya cika. Fulanin da suka yi mini rowar yara su ne suka ba da jakuna da takarkarai na jigilar ruwa. Azara kuwa daga wata fadama ta wajen Karofi aka sassaro ta, aka ɗauko a kafaɗa ana waƙa. Mata suna aiko da fura da ƙosai. Ni ma na tuɓe riga na shiga, sai Sarkin magina ya dubi tubalin da na yi ya ce in koma wajen allona, kada in ɓata musu ƙasa.

Ana shirin haƙa tushe sai takarda ta zo, ana kiran malamai kwas a Katsina. Ba yadda zan yi. Na tafi hankalina kwance, ina ba abokaina labarin cewa ni garina gina mini aji suke yi da hannunsu. Na yi makonni a can, na biya Dutsin-Ma na gaida iyayena, sannan na hau keke na nufi ƙauye.

Tun daga bakin rafi na hango shi. Wallahi gini ne! Ya fi zauren Mai gari tsayi, an yaɓe shi sumul, ga zankwaye a kusurwoyi, ga indararo sun miƙo. Na ƙara wa keke wuta ina murmushi ni kaɗai. Da na matso sai murmushin ya fara raguwa. A bangon gabas akwai wani ƙullutu da ya turo waje. A gefen ƙofa akwai matakala ta ƙasa da ta hau har rufi. A bakin ƙofar kuma ga butoci a jere.

Na jefar da keken na shiga. Sai da na tsaya idona ya saba da duhu. Tagogin da na zana sun zama wasu 'yan ramuka can sama kusa da azara, waɗanda ko kan mage ba zai wuce ba. Ginshiƙai biyu a tsakiya. An zuba farin yashi a ƙasa. A bangon gaba, daidai inda allona zai zauna, ga alƙibla an fafe ta da kyau, har da ɗan zane a bakinta, ga buzun Liman a shimfiɗe a ciki.

Masallaci suka gina mini.

Na fito kamar zan tashi sama, na sami Sarkin magina a ƙofar gidansa yana gyaran igiya. Ko gaisuwar kirki ban yi ba.

"Baba, mene ne wancan?"

"Abin da ka ce."

"Ni na ce a yi alƙibla?"

"Kai ka ce sahu-sahu, kowa ya dubi wuri guda, mutum ɗaya a gaba. To ina za su duba in ba gabas ba? Yamma kake so ɗiyan Musulmi su duba? Kuma mai tsayawa gaba a ina zai tsaya, a kan iska?"

"Tagogin fa?"

"Ga su nan na sa. Waɗanda ka zana ƙofofi ne, ba taga ba. Wa ya taɓa yin ɗakin karatu da ƙofa shida?"

Abin da ya ƙara ƙona mini rai shi ne ba da mugunta ya yi ba. Shi a duniyarsa babban ɗaki iri biyu ne, zauren sarauta da masallaci. Na zaure zagaye ake zama, na masallaci sahu ake yi. Da na ce sahu, hannunsa ya bi abin da ya gada, duk garin kuma suna kallo babu wanda ya ga wani abu ya karkace. Sun ma ƙara ƙoƙari ne don su faranta mini.

Da a nan ta tsaya da sauƙi, dagi zai gyara. Amma tun ana aiki, in azahar ta yi, masu gayya sai su yi sahu a cikin inuwar bangon su yi salla. Da aka rufe, dattawa suka ga ya fi tsohon masallacin faɗi da sanyi, ga shi wancan yana yoyo. Sannu a hankali Ladan ya fara hawa matakalar. Kafin in dawo, salloli biyar a nan ake yin su.

Na je wajen Liman na durƙusa. Malami ne na gaske, mai tsoron Allah, gidansu gidan karatu ne tun kakanni, kuma bai taɓa zagin boko a gabana ba, ko da yake bai taɓa yabonsa ba. Na ce, "Allah gafarta Malam, ɗakin nan na yara ne."

Ya daɗe yana jan carbi. Ya ce, "Na sani, Malam. Amma an kira salla a kansa, an yi jam'i a cikinsa. Ni ba zan iya buɗe baki in ce wa mutane su kwashe buzayensu a kawo ɗiya mata da maza suna waƙar boko ba. A yi haƙuri, in kaka ta yi a gina maku wani."

In kaka ta yi! Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma, mutane sun koma sharar gona, azara ta ƙare, tubali ya ƙare. Na koma wajen Mai gari, ya ce maganar addini ce, ta fi ƙarfinsa. Na ce ai shi ya kira gayya. Ya ce haka ne, amma ba shi ya kira salla ba. Na fito ina huci. Na yi fushi da garin gaba ɗaya, na yi baƙin ciki irin wanda ban taɓa yi ba, domin ga ɗaki a tsaye, da hannun iyayen yaran aka gina shi, amma yaran suna rumfa.

Da yamma na je karɓar tuwo. Inna ta riƙe kwanon ba ta sake mini ba.

"Na ji an ce ɗaki ya zama na su Liman."

"Haka ne, Inna. Ki fara haɗa wa yaron nan kayansa. Ni ma nawa zan haɗa."

Ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka ba. Ta dube ni ta ce, "An yi daɓe?"

"Wane daɓe? Yashi suka zuba."

"To," ta ce, ta sake mini kwanon.

Ga wanda bai sani ba, a ƙasarmu gini na maza ne, amma ƙasan ɗaki na mata ne. In an gama rufi, mata ke taruwa su zuba tsakuwa da jar ƙasa, su yayyafa ruwan makuba, wato ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, su yi ta bugu da madaɓi har ƙasa ta yi tauri ta yi sheƙi. Aiki ne na waƙa da guɗa da kiɗan ƙwarya, ba a yin sa shiru. Kowane ɗaki a garin haka aka yi masa kafin a shiga, ban da masallaci, inda maza ke zuba yashi da kansu. Inna kuwa, da yake sana'arta daddawa ce, babu wanda ya kai ta tarin ɓawon ɗorawa. A kwanakin da suka biyo na ga tukwane a jere a tsakar gidanta, na ga 'yan mata suna shiga da fita da kwanduna, amma raina a ɓace yake, ban tambaya ba.

Wata safiya da hantsi, maza duk sun fita gona, ina rumfa ina fama da yara, sai muka ji guɗa. Na leƙa. Ga Inna a gaba, ta ci ɗamara, madaɓi a hannu. Bayanta tsofaffi ne da zawarawa da 'yan mata, har da matan Fulani da suka ajiye ƙoren nononsu a gindin tsamiya. Wasu da tsakuwa a ka, wasu da tulunan makuba. Suka nufi ɗakin kai tsaye.

Da ladabi suka fara. Inna da kanta ta naɗe buzayen, ta kakkaɓe su, ta ba wata yarinya ta rataye a reshe. Aka kwashe butoci aka jera a inuwa. Aka share yashin tas aka tara a waje. Sannan aka zuba tsakuwa, aka kifa ƙwarya a ruwa, aka durƙusa sahu guda daga bango zuwa bango. Da madaɓan nan suka sauka tare sai da na ji a ƙirjina. Karatu ya tsaya. Yaran suka ruga, ni ma na bi su, na tsaya a bakin ƙofa baki buɗe.

Ƙarar ta kai gonaki. Kafin rana ta take tsaka maza sun fara dawowa da fartanyu a kafaɗa, suna tsayawa nesa-nesa, kowa na jiran wani ya fara magana. Sai ga Liman da sandarsa. Aka buɗa masa. Ya tsaya a ƙofa, kiɗa ya mutu, amma Inna ba ta daina bugu ba sai da ta kai ƙarshen layinta.

"Yaya," ya ce, "mi ke nan?"

"Daɓe ne, Malam. Ko ka manta kamanninsa?"

"Yaya, kin san an yi salla a wuringa."

"An yi salla a gonata ma, kai da kanka ka ja ta ranar gayyar bara. Ban daina shuka ba."

Wani daga baya ya yi dariya ya haɗiye. Ta miƙe da ƙyar, tana dafe da ginshiƙi.

"Ina tambayarka, gayyar mi aka kira? Da aka yi shela, mi mai shela ya ce? Ni na aiko da fura, waɗanga duk sun aiko, don ɗakin yara muka dama ta. Maza sun yi nasu sun gama, mu ba a kira mu ba. To mun kira kanmu. In ka ce haramun muka yi, hwaɗa mini a gaban mutane, in ajiye madaɓi in tahi gida in naɗe wa marayan ɗana tabarmarsa."

Na dubi Liman, na ga yadda gemunsa ke rawa, na ce yau kam za a yi ta. Ya juya ya nemi Mai gari a cikin taron.

"Da ka kira mutane, ka ce masu masallaci za a gina?"

"Makaranta na ce, Allah gafarta Malam."

"Filin fa, ka ba da shi don masallaci?"

"Don makaranta na ba da."

Liman ya juyo wajen jama'a. Sannan ya ce, da murya yadda kowa zai ji, "To a kan niyyar da aka ɗaura abu yake. Mu ne muka shigo inuwar yara muka miƙe ƙafa. Sallolinmu Allah Ya karɓa, amma ɗaki nasu ne. In kaka ta yi a gyara mana namu." Ya sa hannu ya sauko da buzunsa daga reshe. Da zai wuce ta gabana ya rage murya ya ce, "Malam, kai dai ka huta, ba ka da yaya a garinga."

Guɗar da ta tashi ranar har rugar Fulani an ji ta. Matan nan suka yi ta bugu har la'asar, washegari suka dawo, da jibi, suna yayyafa makuba suna bi, har ƙasan ya yi ja ya yi santsi.

Saura haske. Na koma wajen Sarkin magina, wannan karon da gaisuwa har ƙasa. Ya ce bangonsa ba ƙwarya ba ne da za a yi ta hudawa. Na ce in bai huda ba zan nemo dagi in huda da kaina. Ya dube ni sama da ƙasa, ya tuna tubalin da na yi, ya ce gara ya kashe abinsa da hannunsa. Ya zo da 'ya'yansa, suka fasa kudu da arewa, suka ɗora guntayen azara a kan kowace taga, yana aiki yana mita, wai ɓarayi da iska sun samu hanya. Da rana ta faɗo cikin ɗakin a kan sabon daɓen nan, shi ma sai da ya tsaya ya kalla, amma ya ce da duhunsa ya fi kwarjini.

Alƙibla kam ya rantse ba zai toshe ba, ya ce sai bayan ransa. Na bar masa. Muka sa mata ƙyaure ta zama ma'ajin littattafai da alli, allo kuma ya zauna a gefenta. Matakalar Ladan ta zama wurin da ake hawa a buga ƙarfen tashi. Haka ɗakin ya zauna har bayan mulkin kai, lokacin da aka zo aka gina ajujuwan siminti da kwano a gefensa. Waɗancan in rana ta yi sai ka ce tanda, in ruwa ya sauko ba mai jin wani, don haka malamai har rigima suke a kan wa zai koyar a tsohon. Kowace shekara kafin damina iyayen yara kan zo su yi masa yaɓe ba tare da an roƙe su ba. Almajiran Liman kuma suka laƙaba mini Na'ibi, wai mataimakin Liman, sunan ya bi ni har garuruwan da aka mai da ni daga baya.

Mai duba makarantu ya dawo bayan an yi yayyafin farko, ƙasa tana ƙamshi. Na jera yara a ciki a kan tabarmi, na fito na tare shi. Ya kafe babur, ya dubi ginin, ya dubi rumfar da babu kowa, ya ce, "Ina yaran?" Na nuna masa ƙofa. Yana isa bakinta sai na ga ya sunkuya ya tuɓe takalma, ya sa ƙafar dama yana motsa baki.

"Ranka ya daɗe," na ce, "aji ne."

Ya tsaya da takalma a hannu. Ya dubi alƙibla, ya dubi allo, ya dubi yaran da suka miƙe suna gaishe shi. Bai mai da takalman ba. Ya wuce can ƙurya, bayan ginshiƙi, inda ya fi ko'ina duhu, ya zauna a ƙasa da babbar rigarsa, ya ce in yi rubutu a allo. Na rubuta. Ya sa yaran layin baya suka karanta ɗaya bayan ɗaya. Ya shafa daɓen da tafin hannu. Ya fita ya zagaya, ya hau matakala ya duba rufi, ya sauko.

"Wa ya tsara maku wannan?"

"Gari ne, ranka ya daɗe. Maza suka gina, mata suka daɓe."

Na ba shi labari tun daga farko. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya goge ido ya ce duk yawonsa bai taɓa ganin aji irin wannan ba, kuma bai ga dalilin da zai sa a fitar da yara daga cikinsa ba. Na ji kamar an sauke mini dutse daga ka. Na yi alfahari da mutanen nan, da kuskurensu da gyaransu duka, alfaharin da har yau bai ragu ba.

Inna tana gindin tsamiya tun safe, da ƙwaryar daddawarta a gaba, ko ɗaya ba ta sayar ba. Da ya zo zai tayar da babur sai ta taso ta tsaya a gabansa.

"Ɗan nan, kai ne mai tahiya da yara?"

"Ni ne, Inna."

"To?"

"Ba inda za su. Nan za su yi karatunsu."

"A gida za shi kwana ke nan?"

"A gida, Inna."

Ta matsa ta ba shi hanya. Da ƙarar babur ta yi nisa, ta sunkuya za ta ɗauki ƙwaryarta, sai na ga ta kasa. Sai a lokacin na lura da hannuwanta. Sun kumbura, tafin duk ya fashe, makuba ta rine tsagun ta yi baƙi. Ta sake gwadawa, yatsun suka ƙi rufuwa. Sai ta zauna a ƙasa a inda take, ta sa hannuwan nan ta rufe fuska, kafaɗunta suna girgiza.

Ɗalibaina duk suna leƙe ta sababbin tagogi. Na cire hula na cusa a aljihu, na ɗauki ƙwaryar daddawar na aza a kaina, na ce, "Tashi mu je, Inna." Ta tashi ta wuce gaba, ina biye da ita har gida.